Bugun da Ya Kaɗa Ƙararrawar Mbizeni

Akwai wani munafuki a garin nan, ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, matarsa ma ta san shi, da yake bin tashar mota da shagon aski yana cewa wai ni Jongile ni na sayar da Nkonjane. Wai ni na buɗe baki a gaban jama'a na miƙa wa mutanen Mbizeni sunan filinmu. Shekara talatin da biyu ina tsaye cikin rana ina alƙalancin kurket, wasan nan na jefa ƙwallo a daka da sanda, da farar riga da tsakuwa shida na ƙirga jifa a aljihu, ko kofin shayi ban taɓa karɓa daga hannun ɗan wasa ba, sai yau wani mai warin baki zai ce na ci amana? To ku gyara zama. Zan faɗa muku wanda ya ba da mu, kuma kyauta ya bayar.

Kowane yaro a Nkonjane, kafin ya iya ɗaure takalminsa, ya san labarin Tata Gidiyon Sondlo, wato Baba Gidiyon a bakinmu. A gasar Kirsimeti ta shekarar hamsin da takwas, mu da Mbizeni, ƙauyen da ke tsallaken rafi, aka ce ya daki ƙwallo sau huɗu a jere, kowacce ta tashi ta wuce iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida-shida ke nan. Ta huɗun ta haye rafi ta doki ƙararrawar cocin Mbizeni, tsofaffin mata suka ɗaura ɗankwali suka fito a guje suna tambayar wa ya mutu. A bakin kakana rafi kawai ta tsallake. A bakin ubana rafi ne da garken shanu. Yanzu har akwai masu cewa ta kashe shaho a hanya. Ba wanda ya taɓa musu, har su mutanen Mbizeni. Iyaka in an ɗauko zancen su taɓe baki su ce iska ce ta taimaka.

Bara kwamitin ƙauyukan biyu ya zauna a kan filin da muke tarayya da su, wanda tun da aka share shi ba shi da suna sai "fili". Aka yarda a sa masa sunan Gidiyon Sondlo ranar wasan ƙarshe na gasar. An gama fa. Hakimi ya sa hannu, mai fenti ya rubuta allo, Mbizeni sun haɗiye abin da ƙyar amma sun haɗiye. Abin da ya rage a yanka tunkiya a yaye mayafi.

Sai ga Fezile, jikan Gidiyon, ya dawo daga birnin Cape Town da akwati mai taya da tabarau wanda ba magani a cikinsa. Wata takwas ya yi yana gadin ƙofar wani gidan adana kayan tarihi, yana hana 'yan makaranta taɓa gilashi. Shi ke nan ya zama masani. Kuma ku sani, Fezile bai taɓa buga kurket ba. Yana yaro, da an fara zaɓen 'yan wasa cikinsa ke murɗawa. Amma a baki, ba wanda ya kai shi sanin yadda ake riƙe sanda.

Ya shigo zaman kwamiti ba a gayyace shi ba, ya aje jaka a kan tebur.

"Iyayena, na ji abin da kuka yanke, na gode. Amma aikinku aikin ƙauye ne. Ina hujja?"

Na ce, "Hujjar me, Fezile? Wa ya yi maka musu?"

"Tata Jongile, a birni ba a rataya ko cokali a bango sai da takarda a ƙarƙashinsa. Gobe wani Bature zai zo ya ce wa ya gani? Me za ku ce masa? Kakata ta ce?"

"In ya zo sai mu ba shi masara da wake ya ci ya tafi."

"Ka ji matsalar! Ni zan auna nisan, zan nemo wanda ya gani da ido, zan tono rubutu. Ranar bikin zan rufe bakin Mbizeni har abada."

Malama Nolitha Mabandla, wadda ke rubuta wa Mbizeni maki, ta ɗago kai daga saƙar da take yi.

"Bhuti, ɗan'uwana, bakinmu ai a rufe yake. Kai ka zo da mabuɗi."

Bai ji ba. Fezile ba ya jin magana sai wadda ta fito daga bakinsa.

Ranar Asabar ya fito awo cikin kwat da takalmi sau ciki, da igiyar shanyar goggonsa wadda ya ce mita goma ce cif. Ni ya ba bakin igiyar, don a cewarsa ana bukatar mutumin da jama'a suka yarda da shi. Rabin gari ya biyo mu. Muna ja yana ƙirgawa da ƙarfi yana rubutawa, har muka iso rafi.

"Cire takalmin," in ji ni.

"Masani ba ya aiki ba takalmi."

Taku uku ya yi a kan duwatsu. A na huɗu sai ga tafin takalmin yana kallon sama. Ya taso ruwa na zuba daga aljihun kwat, littafin rubutunsa yana tafiya abinsa can ƙasa. Matan da ke wanki suka tsayar da aiki.

"Fezile, zurfin ma aunawa ake yi?"

"Ki rubuta masa, 'yar'uwa: mutum ɗaya da rabi!"

Ya ce adadin yana kansa. Muka haye. Igiya ta ce lallai sai ta cikin lambun kabejin MamTshawe, domin ƙwallo ba ta kwana. Na ce mu nemi izini, ya ce tarihi ba ya neman izini. Tarihi na tsakiyar kunya ta uku sai ga talo-talon MamTshawe, wani jibgege mai jan wuya wanda ko karnuka suna sake masa hanya. Ban taɓa sanin Fezile yana da gudu ba. Da ya yi irinsa yana yaro da mun sa shi a ƙungiya. Ya bar takalmi ɗaya da kabeji goma sha ɗaya a kwance.

A ƙofar coci, a kan tudu, ya tsaya yana haki ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Mita ɗari huɗu da goma sha biyu! Kun ji ƙarfin Sondlo?"

Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san ƙaton da ya ƙoshi, ranar da ya tashi da sa'a, da ƙyar yake wuce ɗari da 'yan kai. Na ga tsofaffin Nkonjane suna kallon juna. Shekara sittin da wani abu ba wanda ya taɓa shakkar labarin nan, sai da jikan mai labarin ya auna shi.

Wani ɗan Mbizeni ya ce, "Ɗari huɗu? Da igwa kakan naka ya zo?"

MamTshawe ce ta cece mu, ba don tana so ba. Ta hauro tudun da kabeji a hannu ɗaya da takalmin Fezile a ɗayan.

"Kai, ɗan gidan Sondlo! Uban wa ya aike ka gonata?"

"Mama, bincike muke yi a kan ƙararrawa..."

"Ƙararrawar gidanku! Lokacin ai ba a gina wannan cocin ba, sakarai. A jikin gungume take rataye, daidai inda ka tattake mini kabeji. Da ka yi sallama da na nuna maka ramin!"

Aka lissafa zuwa lambu, mita ɗari da biyar. Tsofaffinmu suka sauke numfashi. Fezile ya gyara tabarau ya ce dama abin da yake shirin ganowa ke nan. MamTshawe ta ce takalmin kuwa sai ya zo ya yi mata kwana biyu yana ban ruwa.

Mutum mai hankali da nan ya tsaya. Washegari bayan coci sai ga shi a fili da sandar aro.

"Ɗari da biyar ba komai ba ne a gidanmu. Jinin Sondlo ne a damtsen nan. A jefo mini."

Malama Nolitha ta aje jakarta ta ce ita za ta jefa, daga ƙasa, a hankali, irin yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. Na tsaya a wurina na alƙali. Ta farko ta wuce shi yana gyara tsayuwa. Ta biyu ya kai mata duka da dukan ƙarfinsa, ya juya kamar fanka, ya kwashe turakun wasan da ya kamata ya kare a bayansa gaba ɗaya. Na ɗaga yatsa.

"Ka fita."

"Haba Tata, gwajin kimiyya ne! Ba a fita a kimiyya."

"A filina ana fita."

Ya roƙi ta uku. Wannan karon wani abu ya tashi sama kam, ya yi ta juyi, jama'a suka bi shi da kallo har ya faɗa cikin tukunyar kayan ciki da matan coci ke dafawa a gefen fili. Sandar ce. Ƙwallon tana nan a tsakanin ƙafafunsa.

Nolitha ta ce, "A kawo igiyar shanya, Bhuti ya kafa tarihi."

Ya ce sandunan yanzu ba su da nauyin na da, shi ya sa. Ya wuce neman mai shaida.

Mutum ɗaya ta rage a duniya wadda ta ga wasan, Makhulu Nosapho, wato Kaka Nosapho, shekara tamanin da 'yan kai, ido garau, kunne kuwa sai ranar da ta ga dama. Fezile ya kai mata sukari da ganyen shayi, ya kafa waya a kan turmi tana ɗauka, maƙwabta sun cika tsakar gida.

"Makhulu, kin tuna ranar da ƙararrawa ta yi ƙara?"

"Yo ba ni na zubar da tulun giyar dawa don firgita ba? Uwata ta zane ni."

"Madalla! Kin ga kakana Gidiyon?"

"Mai farar hular nan? Kyakkyawa ne, ba kamar kai ba."

"Me ya yi da ƙwallon ta doki ƙararrawa?"

"Zama ya yi a ƙasa daɓas, ya ɗora hannu biyu a ka."

Fezile ya juyo wurinmu ido ya kawo ruwa. "Kun ji tawali'u? Ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya zauna yana gode wa Ubangiji!"

Makhulu ta ce, "Sannan ya cire hular ya yi ta tattaka ta."

"Murna! Murna ce ta yi masa yawa!"

Na ga 'yan wasa sun fi dubu, ban taɓa ganin wanda ya buga shida ya tattaka hularsa ba. Na matsa zan yi mata tambaya ɗaya, Fezile ya kashe waya ya ce kada a gajiyar da shaida.

Kwana huɗu kafin biki ya zo ƙofar gidana yana rawa a kan titi. Ya shawo kan dattijon cocin Mbizeni ya buɗe masa wani tsohon akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya, kuma a ƙarƙashin littattafan waƙa da ɓeraye suka ci rabinsu ya sami littafin maki na hamsin da takwas.

"Tata Jongile, sunansa ne ɓaro-ɓaro! Shida, shida, shida, shida! Har an rubuta maganar ƙararrawa a gefe!"

"Kawo in gani."

Ya rungume jaka. "Ranar biki kowa zai gani."

"Fezile, littafin maki yana da yadda ake karanta shi. Shekara talatin da biyu ina sa hannu a ƙarshen irinsa. Minti ɗaya kawai."

"Tata, kada ka ji haushi, kai alƙali ne, aikinka ƙirga tsakuwa. Tsohon rubutu sai wanda ya zauna da shi."

Na ce masa ya fice mini daga ƙofar gida, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba tunda jikokina sun iya karatu. Ya hau mota ya tafi gari, aka buga masa shafin a kan leda, faɗinsa ya kai zanen gado.

Ranar ta zo. Rana tsaka, fili ya cika maƙil, motocin 'yan ci-rani da suka dawo hutu sun zagaye shi, tunkiyar da za a ba waɗanda suka ci gasa tana ɗaure a gindin bishiya. Ga allon suna a lulluɓe a dama, ga ledar Fezile a lulluɓe da bargo a hagu. Hakimi ya ba shi minti biyar, ya ci arba'in. Ya yi maganar birni, ya yi maganar kimiyya, ya ce daga yau duk ɗan Mbizeni da ya ce iska ce, a kawo shi nan a sa shi karatu.

"Kuma ina roƙon kwamiti, a gaban kowa, ya yi alkawari: abin da littafin nan ya faɗa, shi ne hukunci. Wanda ya kaɗa ƙararrawa, shi ke da fili!"

Hakimi ya dubi 'yan kwamiti, suka ɗaga kafaɗa. "Mun yarda. Yaye mana, yunwa muke ji."

Ya fizge bargo.

Ga shafi nan, rubutun alƙalami mai kyau. Ga wani ƙaton jan da'ira da Fezile ya zana a ƙasan shafin: G. Sondlo, 6 6 6 6. Mutanenmu na baya suka fara tafi. Na gaba, waɗanda suka san wasa, hannunsu ya tsaya a iska. Malama Nolitha ta sa tabarau, ta cire, ta goge, ta mayar. Sai ta zauna a kan ciyawa ta fara wata irin dariya marar sauti, kafaɗunta kawai ke rawa.

Hakimi ya ce, "Jongile, idona ba ya kaiwa. Kai ne alƙali. Zo ka karanta mana."

To ku gaya mini, me zan yi? Mutum ɗari biyar, rabinsu sun iya karanta maki tun suna firamare. Kowane shafi na littafin maki gida biyu ne. A sama ake jera masu bugu da abin da suka ci. A ƙasa ake jera masu jifa na ɗaya ƙungiyar da abin da aka ci a kansu. Shida a sama abin alfahari ne. Shida a ƙasa, kai aka yi wa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shafin bugun Mbizeni ne."

"To me sunan Gidiyon yake yi a ciki?"

"Jifa yake yi."

"Ban gane ba."

"Shi ya jefa ƙwallayen huɗu. Wani ne ya dake su."

Fezile ya yi tsalle ya shiga tsakanina da leda. "Ƙarya ne! Daga ƙasa ake karanta littattafan da! Haka ake yi a zamanin!"

"Matsa, Fezile."

"Kuskuren marubuci ne! Ɗan Mbizeni ne ya rubuta, hassada ce!"

Nolitha ta ce daga inda take zaune, "Duba sa hannun, Bhuti. Malamin makarantarku ne."

Hakimi ya buga sanda a ƙasa. "Jongile, wa ya buga?"

Na ɗaga kai zuwa saman shafin. Layi na tara, can inda ake sa waɗanda ba a sa ran komai daga gare su. H. Mabandla, 6 6 6 6. A gefe marubuci ya ƙara da ƙananan baƙaƙe cewa ta ƙarshen ta doki ƙararrawa, an dakatar da wasa har aka lallashi matan coci.

Nolitha ta daina dariya. "Hezekiya? Ƙanen kakana? Tela ne fa, mai ɗingishi. Mu ba mu taɓa ji ba."

Daga baya tsofaffi suka haɗa zancen. Hezekiya ya tafi aikin ma'adinai wata ɗaya bayan wasan, bai sake dawowa ba. Gidiyon kuwa ya zauna shekara arba'in yana da kanti a bakin hanya, da benci a ƙofa, da baki. Amma a ranar ba wanda ya tsaya haɗa komai. Mbizeni suka ɓarke. Mata na guɗa, maza na jefa huluna sama, wani ya sheƙa a guje ya haye rafi ya hau tudu ya kama igiyar ƙararrawa ya yi ta kaɗawa. MamTshawe ta zagaya fili sau biyu tana rawa da kabeji a ka.

Fezile bai saduda ba, wannan kam na ba shi. Ya ƙwace lasifika.

"Ku saurara! Binciken ya tabbatar da komai! An doki ƙararrawa ko ba a doka ba? An doka! Sondlo yana wurin ko ba ya nan? Yana nan! Ba don ƙarfin jifarsa ba, gurgun tela zai kai ƙwallo tsallaken rafi? Aikin mutum biyu ne! A rubuta sunan duka biyun!"

Wani ya yi ihu daga baya, "A sa na Gidiyon a ƙasa, inda ya saba!"

Goggonsa, mai igiyar shanya, ita ta zo ta karɓe lasifikar, ta kama shi da kunne, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, ta ja shi har mota.

Hakimi ya ce alkawari an yi shi a gaban jama'a, kuma ba kowa ya nema ba sai ɗan gidan Sondlo. Aka kira mai fenti daga wurin cin nama, ya shafe allo yana tsaki, ya rubuta Filin Hezekiya Mabandla, fenti na ɗiga. Aka shiga wasa, yaranmu ba wanda ya iya ɗaga kai, Mbizeni suka lallasa mu suka tafi da tunkiyar ma.

Ledar tana nan har gobe. Nolitha ta sa an kafe ta da ƙusa a bangon zauren taron Mbizeni, da jan da'irar Fezile da komai, kuma ƙofa a buɗe take. Kai da kake karanta wannan, in kana ganin na ƙara gishiri, ko akwai wata hanyar karanta shafin nan da za ta hau da Gidiyon sama, tafi ka tsaya a gabansa. Karanta daga sama, karanta daga ƙasa, in ka so ka kifa kanka ka karanta. Sannan ka zo fili ranar Asabar, ka dube ni cikin ido, ka ce ƙarya na yi.